Inda za a nemo takardun Benjamin Smith Barton, likita kuma masanin tsirrai na Filadelfiya

Tambaya: Ina shirin rubuta kundin digiri na biyu a kan Benjamin Smith Barton, likitan Amurka da ya koyar da ilimin tsirrai a farkon ƙarni na 19. Littattafan da na samu duk maimaita juna suke yi. A ina zan sami takardunsa na asali, kuma da wanne ya kamata in fara?

Amsa: Malam, mafi yawan abin da kake nema yana birnin Filadelfiya na jihar Pennsylvania, a rarrabe cikin gidajen adana takardu kusan bakwai, sai kuma wani kaso mai muhimmanci da ke Turai da birnin Washington. Sai dai kafin ka rubuta wa kowa wasiƙa, ka tabbatar da mutumin da kake bi, domin akwai likitoci biyu masana tsirrai masu suna Barton a wannan birni. Naka shi ne wanda aka haifa a Lancaster a 1766 ya rasu a Disamba 1815. Ɗayan kuwa ɗan ɗan'uwansa ne, William P. C. Barton, wanda ya rayu daga 1786 zuwa 1856, likitan sojan ruwa ne, kuma shi ma ya wallafa littafi a kan tsirran magani na Amurka. Sau da yawa ana cakuɗa su a jadawalin laburare da kuma a kan takardun busassun tsirrai, inda ba a rubuta komai ba sai sunan gidan. Bayan haka ka nemi littafin da Joseph Ewan da Nesta Ewan suka rubuta a kan rayuwarsa, wanda lambun binciken tsirrai na Missouri ya buga a 2007. Amfaninsa gare ka yana cikin bayanan da ke nuna inda kowace wasiƙa take, don haka ka karanta shi da alƙalami a hannu kana fitar da sunayen ma'ajiyu.

Gidan farko shi ne laburaren American Philosophical Society, tsohuwar ƙungiyar masana da aka kafa a 1743, wadda Barton ya daɗe yana mataimakin shugabanta. A nan ne tarin takardunsa mafi girma yake, kuma ana kiransa da sunan Violetta Delafield haɗe da nasa. Yana da kyau ka san dalilin wannan suna, domin hanyar da takarda ta bi kafin ta iso ma'ajiya tana gaya maka abin da za ka samu a ciki da abin da ya ɓace a hanya. Ɗan Barton, Thomas Pennant Barton, ya auri Cora Livingston, suka zauna a gidan danginta da ake kira Montgomery Place a bakin kogin Hudson na jihar New York. Gidan ya faɗa hannun iyalin Delafield ta hanyar gado, kuma Violetta Delafield da kanta masaniyar naman kaza ce. Takardun sun daɗe a hannun iyali, sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 suka shiga laburaren ƙungiyar. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa tsofaffin littattafan da ka karanta suke maimaita juna, domin mafi yawan marubutansu ba su ga waɗannan takardu ba, sun dogara ne ga gajeren tarihin da ɗan ɗan'uwansa ya rubuta jim kaɗan bayan rasuwarsa.

A cikin tarin akwai wasiƙu, da bayanan da ya tara a kan tsirrai, dabbobi, ma'adinai, cututtuka da harsunan 'yan asalin ƙasar, da kuma zane-zane, ciki har da na William Bartram, masanin tsirrai na Filadelfiya. Ka shirya wa wahala a wannan ɓangare na bayanai. Barton mutum ne mai rubuta abu a kan duk guntun takardar da ya samu, sau da yawa ba kwanan wata, wani lokaci kuma abin da ya rubuta kwafi ne daga littafin wani ko daga wasiƙar da aka aiko masa. Idan ka ɗauki kowane guntu a matsayin abin da ya gani da idonsa, za ka jingina masa ganowar da ba tasa ba. Ina ba da shawarar ka fara da wasiƙu, ka jera su bisa shekara, sa'an nan ka koma kan bayanan kana neman inda kowanne ya dace.

Game da wasiƙun akwai ƙa'ida ɗaya da ɗalibai kan manta: abin da ke cikin takardun mutum galibi wasiƙun da aka aiko masa ne, nasa kuwa suna wurin waɗanda ya aika wa. Saboda haka muryar Barton da kansa za ka fi jin ta a takardun wasu mutane. Kuma idan wasiƙa ta zo hannunka, ko hotonta, kada ka tsaya ga fuskar da aka yi rubutu. A wancan zamani ba a amfani da ambulan. Takardar ce ake naɗewa a manne ta da kakin hatimi, a rubuta adireshi a bayanta. A wannan baya za ka ga tambarin gidan waya, ko sunan matafiyin da aka ba saƙon, ko sunan jirgin ruwan da ya ɗauke ta, kuma sau da yawa wanda ya karɓa yakan rubuta sunan mai aikowa da ranar da ta iso a gefe. Wasiƙar da ba ta da shekara a fuskarta takan bayyana shekararta a nan. Idan ka nemi a ɗauko maka hoto, ka faɗa a fili cewa kana son gaba da baya.

Gida na biyu shi ne Historical Society of Pennsylvania, inda akwai wani tarin takardun Barton, ga kuma takardun iyalin Bartram, waɗanda lambunsu da ke bakin kogin Schuylkill ya zama wurin da yake kai ɗalibansa su ga tsirrai a raye. Maƙwabcinsa bango da bango a titin Locust shi ne Library Company of Philadelphia, wanda Benjamin Franklin ya kafa a 1731, kuma ƙarfinsa yana wajen bugaggun littattafai na wancan zamani. A nan ne ake ajiye wani littafin tarihin Louisiana na marubucin Faransa Le Page du Pratz, wanda Barton ya ara wa Meriwether Lewis, jagoran tafiyar binciken yammacin nahiyar, a 1803. Lewis ya ɗauke shi har gaɓar tekun Fasifik ya dawo da shi, kuma a 1807 ya rubuta wannan bayani da hannunsa a shafin farko kafin ya mayar wa mai shi. Na kawo wannan ne domin ka ga cewa bugaggen littafi ma yakan zama takardar asali idan akwai rubutun hannu a jikinsa.

Yanzu ga batun da nake ganin ya fi kowanne koya wa mai bincike hankali, wato digirinsa na likita. Barton ya tafi Edinburgh ta ƙasar Skotland a 1786, ya yi fice a ƙungiyar ɗaliban likitanci da ake kira Royal Medical Society, amma ya bar garin bai karɓi digiri ba. Shekaru da yawa littattafan tarihi suna cewa ya ƙarasa karatunsa a jami'ar Göttingen ta Jamus. Da masu bincike suka koma ga rajistar jami'o'in, ba su sami shaidar wannan digiri ba. Abin da aka tabbatar shi ne cewa jami'ar Kiel ce ta ba shi digirin likita a 1796, bayan ya riga ya yi shekaru bakwai yana farfesa a Filadelfiya. Masanin tarihi Whitfield Bell ne ya warware wannan a wata maƙala da ya buga a 1971, kuma binciken da aka yi a kan zamansa a Edinburgh ya nuna cewa akwai matsalar kuɗin ƙungiyar ɗaliban da ke hannunsa lokacin da ya tafi. Ban kawo wannan domin in rage masa daraja ba, mutum ne da ya yi wa ilimi aiki sosai. Na kawo shi ne domin ka ga bambancin da ke tsakanin abin da mutum ko danginsa suka faɗa game da shi da abin da magatakarda ya rubuta a rajista ranar da abin ya faru, ba tare da tunanin cewa wani zai zo ya karanta bayan shekara 200 ba. Duk wata magana game da muƙami, digiri, albashi ko ranar tafiya, ka nemi tabbacinta a littafin hukumar da abin ya shafa. A Edinburgh wannan yana nufin rajistar ɗalibai ta jami'a, da bugaggen jerin waɗanda suka kammala likitanci, da kuma kundin maƙalun da 'yan ƙungiyar ɗaliban suka gabatar.

Ta fuskar aikinsa na likita da koyarwa, ma'ajiyar takardu ta Jami'ar Pennsylvania ce ke riƙe da bayanan zaman majalisar amintattu, inda za ka bi naɗinsa farfesan ilimin halittu da tsirrai a 1789 a kwalejin da ta haɗe da jami'ar a 1791, da ƙarin kujerar ilimin magunguna da aka ba shi daga baya, da kuma yadda ya gaji kujerar farfesan likitanci Benjamin Rush bayan rasuwar Rush a 1813. Asibitin Pennsylvania, wanda aka kafa a 1751, yana da nasa sashen tarihi, kuma Barton ya yi aiki a can daga 1798 har ƙarshen rayuwarsa. Akwai bayanan zaman manajoji da rajistar marasa lafiya, kuma asibitin ya sayi littattafansa da yawa bayan ya rasu, abin da ke ba ka damar sanin abin da yake karantawa. Ka sani cewa takardun marasa lafiya, ko da sun tsufa, akan sa musu sharuɗɗa, saboda haka ka tambaya tun da wuri.

Amma abin da na fi so ka ba lokaci shi ne littattafan rubutun ɗalibansa. Ɗalibin likitanci a wancan zamani yakan sayi tikitin laccar kowane farfesa, ya zauna ya rubuta abin da ya ji, wasu ma su sake kwafe shi da kyau su ɗaure shi ya zama littafin da za su yi aiki da shi a ƙauyensu. Irin waɗannan littattafai suna nan a laburaren tarihi na College of Physicians of Philadelphia, da sashen rubuce-rubucen hannu na Jami'ar Pennsylvania, da kuma babban laburaren likitanci na ƙasa da ke Bethesda a jihar Maryland. A cikinsu za ka ji abin da malami ya faɗa a aji wanda bai taɓa bugawa ba: maganin da ya gwada bai yi aiki ba, ra'ayin abokin aikinsa da bai yarda da shi ba, yawan garin saiwar da yake ba majiyyaci. Idan ka sami littattafan ɗalibai biyu na shekara ɗaya, ka kwatanta su, domin inda suka yi daidai can ne maganar malamin take, inda suka saɓa kuwa mai yiwuwa kunnen ɗalibi ne. Idan kuma na shekaru daban-daban ne, za ka ga yadda ra'ayinsa ya sauya. A haɗa da wannan akwai kundayen kammala karatu da ɗaliban makarantar suka buga, waɗanda da yawansu a kan tsirran magani na ƙasar ne. Alal misali, a 1797 wani ɗalibi mai suna Samuel Cooper ya buga nasa a kan wani tsiro ɗan'uwan zaƙamin da muka sani, yana bayyana yadda yake aiki a jiki. Shafin sadaukarwa da na godiya a irin waɗannan kundaye sukan nuna malamin da ya ba da batun.

Wani gida kuma da masu tarihi kan tsallake, alhali bai kamata ba, shi ne ma'ajiyar busassun tsirrai ta Academy of Natural Sciences, wadda aka kafa a 1812 kuma ta haɗe da Jami'ar Drexel a 2011. Tsirran da Barton ya tara suna can. Kowane shafi takardar tarihi ce mai zaman kanta: ga tsiron a matse a bushe, ga ƙaramar takarda a gefe ɗauke da suna da Latin, wani lokaci da wurin da aka tsinko shi da shekara, ga kuma gyare-gyaren masanan da suka zo daga baya kowa da irin rubutunsa. Gani ya kori ji, domin a nan ne za ka tarar cewa rubutun da ke kan shafuka masu yawa na Frederick Pursh ne, Bajamushen da Barton ya ɗauka aiki a 1805 ya tura shi tsaunukan Virginia a 1806 da arewacin New York a 1807. Littafin tafiyar Pursh ta 1807 an same shi a cikin takardun American Philosophical Society aka buga shi a 1869, kuma idan ka ɗora shi kusa da shafukan tsirran za ka iya bin sawunsa kusan rana bayan rana. Haka ma Thomas Nuttall, matashin Baturen Ingila da Barton ya tura yamma a 1810 bisa albashin dala 8 a wata, da sharaɗin cewa bayanan tafiyar mallakar Barton ne. Yarjejeniya irin wannan tana nuna maka yadda ake raba aiki da suna tsakanin farfesa mai zama a birni da mai tattaki a daji.

Ka kula da sunayen tsirrai, domin da yawa sun canza. Sunan Bartonia da aka raɗa domin girmama shi an ba wa jinsin tsiro biyu mabambanta: wanda masanin tsirrai Henry Muhlenberg ya raɗa shi ne ya tabbata, wanda Pursh da Nuttall suka yi amfani da shi kuwa yanzu yana ƙarƙashin Mentzelia. Idan ba ka da horo a wannan fanni, ka nemi masanin tsirrai ya duba maka jerin sunayenka kafin ka gina hujja a kansu.

Dangantakar Barton da Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ita ce ɓangaren da ya fi sauƙin samu daga nesa, domin wasiƙun suna laburaren majalisar dokokin Amurka, kuma an buga su kyauta a shafin Founders Online tare da bayanan editoci. A Fabrairu 1803 Jefferson ya roƙe shi ya rubuta wa Lewis abubuwan da suka fi cancanta a lura da su game da tsirrai, dabbobi da 'yan asalin ƙasar kafin tafiyar binciken yamma. Bayan an dawo, Barton ne aka ɗora wa rubuta sashen ilimin halittu na rahoton tafiyar, bai kuwa kammala ba, har labarin tafiyar ya fito a 1814 ba tare da wannan sashe ba. Pursh ne ya tafi Landan da wasu daga cikin tsirran da Lewis ya tattaro ya bayyana su a littafinsa Flora Americae Septentrionalis mai ɗauke da shekarar 1814. Sauran sun yi zamansu a American Philosophical Society ba wanda ya tuna da su, sai a 1896 Thomas Meehan ya gano su, aka kai su Academy. Akwai kuma wasiƙar 21 ga Satumba 1809, inda Jefferson yake ba Barton haƙuri cewa ba zai iya aiko masa da jerin kalmomin harsunan 'yan asalin ƙasar da ya nema ba. Jerin kusan 50 ne da ya yi shekara 30 yana tarawa, amma an sace akwatin a kogin James lokacin da ake kai kayansa gida, ɓarawon ya watsar da takardun cikin ruwa, 'yan kaɗan ne aka tsinto a cikin laka.

Wannan ya kai mu ga tambayar da nake fata kundinka zai fuskanta da gaske: ilimin maganin da Barton ya tara, na wane ne? Littafinsa a kan magungunan ƙasar Amurka, wanda kashi na farko ya fito a 1798 na biyu a 1804, cike yake da saiwoyi da sassaƙe da ya ce 'yan asalin ƙasar suna amfani da su, amma ba kasafai yake faɗin sunan mutumin da ya sanar da shi ba. Hanyar gano su ita ce ta wasiƙun masu shiga tsakani, musamman John Heckewelder, ɗan mishan na cocin Moravia da ya zauna shekaru masu yawa tare da mutanen Lenape, ɗaya daga ƙabilun 'yan asalin ƙasar, kuma ya riƙa amsa wa Barton tambayoyi a kan harshe, dabbobi da magani. Wasu takardunsa suna Filadelfiya, wasu kuma a ma'ajiyar cocin da ke Bethlehem a jihar Pennsylvania. Idan ka ɗora wasiƙar Heckewelder kusa da shafin da Barton ya buga, za ka ga abin da aka ɗauka, abin da aka bari, da inda sunan mai ilimin ya faɗi a hanya. A ganina wannan kwatanci kaɗai ya isa babi guda.

Bugaggun ayyukansa ba za su ba ka wahala ba. Elements of Botany na 1803, wanda shi ne littafin koyar da ilimin tsirrai na farko da aka wallafa a Amurka, da littafinsa na 1797 a kan asalin ƙabilun nahiyar, da maƙalarsa ta 1800 a kan ciwon maƙoƙo, da mujallar likitanci da ya riƙa fitarwa daga 1804, galibinsu za ka same su a intanet a Biodiversity Heritage Library ko Internet Archive ko HathiTrust. Abu ɗaya kawai zan ja kunnenka a kai: Barton ya saba shelanta littafin da yake cewa yana gab da fitowa, kuma da dama ba su fito ba ko kuma kashi na farko kawai aka buga. Kada ka sa littafi a jerin ayyukansa sai ka ga kwafinsa a jadawalin wani laburare.

Domin jin yadda takwarorinsa suke kallonsa, ka nemi takardun Henry Muhlenberg, limamin cocin Luther a Lancaster kuma ƙwararren masanin tsirrai, wanda shi ma ya rasu a 1815. Wasunsu suna American Philosophical Society, sai dai da yawa an rubuta su da Latin da Jamusanci, cikin tsohon salon rubutun hannu na Jamus da ko Bajamushen yau sai ya koya kafin ya karanta. Ka sa kuɗin mai taimaka maka da wannan a cikin kasafin bincikenka tun daga farko.

Idan ba za ka iya zuwa Filadelfiya yanzu ba, ka fara da jadawalin da kowace ma'ajiya ta sa a intanet, wanda ke bayyana abin da ke cikin kowane akwati da kowane fayil, ka kuma bincika sunan Barton a ArchiveGrid, shafin da ke tattara jadawalin ma'ajiyu da yawa, domin gano wasiƙun da suka warwatsu a ƙananan laburare. Sa'an nan ka rubuta wa jami'in ma'ajiyar gajeriyar wasiƙa mai ɗauke da sunan tarin, lambar akwati, sunan fayil da shekarun da kake so. Wanda ya rubuta yana neman duk abin da ke akwai game da Barton ba kasafai yake samun amsa mai amfani ba. American Philosophical Society da Library Company dukansu suna ba da tallafin bincike na gajeren lokaci, kuma masu nema daga ƙasashen waje suna iya shiga, sai dai ka karanta sharuɗɗan kowanne da kyau domin matakin karatun da ake buƙata ya bambanta. Takardar neman tallafin takan fi ƙarfi idan ta ambaci ainihin fayilolin da za ka buɗe da tambayar da kake son kowannensu ya amsa, saboda haka ka gama aikin jadawalin kafin ka cike fom ɗin.